Aiki a Babban Kamfanin Hidimar Kwamfuta: Amsa Ga Wani Matashi Daga Unguwar Mabera a Sakkwato

"Assalamu alaikum Malam. Na karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, na kuma kammala bautar ƙasa. Wani babban kamfani a Legas, wanda ke kula da kwamfutoci da manhajojin wasu kamfanonin ƙasashen waje, ya ba ni takardar ɗaukar aiki. Albashin naira miliyan 4.2 ne a shekara, akwai dutin dare, kuma sun ce sai na sa hannu cewa ba zan bar su ba sai bayan shekara biyu saboda horon da za su ba ni. Mahaifina ya fi son in zauna a Sakkwato in jira aikin gwamnati. Yaya yanayin aiki yake a irin waɗannan kamfanoni? Kuɗin zai isa? Kuma mutum yana ci gaba a cikinsu, ko tsayawa yake yi wuri ɗaya?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sanya albarka a karatun da ka yi, ya kuma zaɓa maka mafi alheri. Ka yi tambaya a kan yanayin aiki da albashi da ci gaba, kuma duka ukun suna rataye ne a kan abu ɗaya da ba ka ambata ba, wato wane aiki za a ɗora ka a kai idan ka shiga, kuma na wane kwastoma ne. Na yi shekaru a irin wannan kamfani, tun daga teburin amsa koken masu amfani da kwamfuta har na riƙe rukunin ma'aikata, kuma abin da na gani shi ne mutum biyu za su shiga rana ɗaya da albashi ɗaya, amma bayan shekara uku ka same su kamar ba wuri ɗaya suka yi aiki ba. Zan yi maka bayanin dalilin hakan, domin idan ka gane shi za ka san irin tambayoyin da za ka yi kafin ka sa hannu.

Yadda kamfanin yake samun kuɗinsa

Kamfanin hidimar kwamfuta ba ya ƙera wata manhaja tasa ya kai ta kasuwa kamar yadda Microsoft ko Google suke yi. Abin da yake sayarwa shi ne lokacin ma'aikatansa. Banki ko kamfanin sadarwa ko kamfanin inshora a Turai ko Amurka zai ga cewa riƙe ɗaruruwan injiniyoyi a gida yana da tsada, sai ya ba da kwangilar kula da kwamfutocinsa, shi kuma mai kwangilar ya ɗauki mutane a ƙasar da albashi yake da sauƙi, ya yi wa kwastoman lissafin kowace awa ko kowane wata. Ribar tana tsakanin abin da kwastoma ya biya a kan awarka da abin da aka ba ka. Misalinsa kamar ɗan kwangilar gini ne da ke kai magina wuraren aiki: wanda aka kai ginin bene zai koyi ɗaura rodi da zuba dakin, wanda aka kai gyaran katanga kuwa zai shekara yana yaɓe, alhali ubangidansu ɗaya ne.

Indiya ce ta mayar da wannan tsari babbar sana'a. An kafa Tata Consultancy Services, wato TCS, a 1968, kuma yana da ma'aikata wajen dubu 600. Infosys, wanda aka kafa a 1981, yana da sama da dubu 300, ga kuma katafariyar cibiyar horar da sababbin ma'aikata da ya gina a garin Mysore. Accenture yana da sama da dubu 700 a faɗin duniya. A nahiyarmu, lokacin da Airtel ya sayi harkokin Zain na Afirka a 2010, ya miƙa kula da kwamfutocinsa ga IBM, ya kuma ba Tech Mahindra da wasu kamfanoni aikin amsa kiran kwastomomi. Daga baya Tek Experts ya buɗe ofis a Legas a 2018 yana taimaka wa masu amfani da manhajojin Microsoft, haka nan Outsource Global na Amal Hassan, wadda 'yar Kano ce, yana yi wa kamfanonin waje aiki daga Abuja da Kaduna. Na kawo maka waɗannan ne don ka san cewa sana'ar ta kafu, kuma kusan duk inda ka je tsarin iri ɗaya ne: sababbin shiga masu ƙaramin albashi su ne mafi yawa, ƙwararru kaɗan ne a sama, domin haka ne kawai lissafin ribar yake fita.

Daga nan ne wata kalma da za ka riƙa ji ta samo asali, wato benci. Idan kwangilar da kake a kai ta ƙare kuma ba a sa ka a wata ba, sai a ce kana kan benci: kana karɓar albashi amma babu wanda ake caja a kan lokacinka. Sabon ma'aikaci yakan ɗauka hutu ya samu, amma a idon kamfani asara ce ke tafiya kowace rana. A 2025 jaridun Indiya sun ruwaito cewa TCS ya sa ƙa'idar kada ma'aikaci ya wuce kwana 35 a kan benci a cikin shekara. Ko da kamfaninka bai rubuta irin wannan ƙa'ida ba, ka sani wanda ya daɗe a benci shi ake fara dubawa idan za a rage mutane.

Yanayin aikin yau da kullum

Yawancin sababbin shiga a teburin taimako ake fara sa su. Koke yana shigowa a matsayin tikiti, kowane tikiti kuma yana da agogonsa, saboda kamfani ya yi wa kwastoma alƙawari a rubuce cewa za a amsa matsala mai tsanani cikin mintuna kaza, a warware ta cikin awa kaza, in ba haka ba a cire masa kuɗi. A dutin dare za ka ga babban allo a bango, tikiti yana kore, ya koma ruwan ɗorawa, sannan ya yi ja, kuma da zarar ya yi ja wayar shugaban rukuni za ta fara ƙara ko da ƙarfe uku na dare ne. Ana auna yawan tikitin da ka rufe, da tsawon lokacin da ka ɗauka, da makin da kwastoma ya ba ka bayan an gama. Ranar Juma'a kuma kowa zai cike takardar awanninsa ta mako, don da ita ake rubuta wa kwastoma lissafi. Wanda ya saba da ofis inda ake sa hannu da safe a fita ɗaurin aure zai sha mamaki a watannin farko, amma ni ina ganin wannan tsauri yana daga cikin mafi amfanin abin da wurin yake koya wa matashi.

Dutin dare ya danganta ne da inda kwastoman yake. Idan Ingila ce, agogonmu da nasu ɗaya ne a wasu watanni, a wasu kuma tazarar awa ɗaya ce, don haka aikin rana za ka yi. Idan New York ce, ƙarfe 9 na safiyarsu shi ne ƙarfe 2 ko 3 na ranarmu, ka tashi aiki wajen 10 ko 11 na dare. Idan Kalifoniya ce za ka kai ƙarfe 1 ko 2 na dare. Indiya kuma tana gabanmu da awa huɗu da rabi, wanda ke nufin taron da aka sa ƙarfe 9 na safe a Bangalore zai same ka kafin kiran asuba. Ka tambayi ko ana juya dutin ne kowane mako ko kowane wata, domin juyin mako-mako shi ya fi wahalar da jiki, ka kuma tambayi ko akwai alawus na dare da motar da ke mayar da ma'aikata gida.

Batun ibada ka faɗe shi tun farko, kada ka bari sai an fitar da jadawali. A rukunin da na riƙe muna musanya awar sallar Juma'a da abokan aikinmu Kiristoci, su kuma mu riƙe musu safiyar Lahadi, kuma da azumi Musulmi da yawa sun fi son dutin da zai ƙare kafin shan ruwa ko ya fara bayan tarawihi. Ana samun wannan sauƙi idan ka nema da wuri kuma kana cika naka ɓangaren. Abin da ya fi wuya shi ne hutun Salla, saboda kwastoman da ke waje bai san da Salla ba, kuma dole wani ya zauna a kan tebur. Daga Legas zuwa Sakkwato tafiyar wajen kilomita 1,000 ce, don haka ka shirya wa ranka cewa wata Sallar a Legas za ka yi ta.

Game da tsawon awanni, a takarda awa takwas ko tara ne, amma idan aiki ya kusa ranar miƙawa ana zarcewa ba tare da ƙarin kuɗi ba. Lokacin da Narayana Murthy, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Infosys, ya ce a 2023 ya kamata matasan Indiya su riƙa yin aikin awa 70 a mako, an yi ta ce-ce-ku-ce a kai, kuma maganar ta nuna irin tunanin da wasu manya a sana'ar suke da shi. Ni ban yarda da wannan ba. Na ga yadda injiniyan da bai yi barci ba yake goge abin da bai kamata ya goge ba, a kwana ana gyara.

Albashin da ke takarda da wanda ke shiga asusu

Bari mu yi lissafin naira miliyan 4.2 ɗin. Idan ka raba ta wata 12, naira dubu 350 ke nan, amma ba ita za ka gani a waya ba. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, kamfani kuma ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026, naira dubu 800 ta farko babu haraji a kanta, miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15, abin da ya haura haka har zuwa miliyan 12 kuma kashi 18. Idan aka yi lissafin fansho a kan dukan kuɗin, abin da zai rage maka bai wuce naira dubu 280 da 'yan kai a wata ba.

Wannan ma idan adadin da aka rubuta naka ne gaba ɗaya. Wasu kamfanoni sukan cusa kashi 10 ɗin da su za su biya na fansho, da kuɗin inshorar lafiya, da garaɓasar ƙarshen shekara wadda ba ta tabbata ba, duk a cikin babban adadin don ya yi kyan gani. Ka nemi a rubuta maka kashe-kashen albashin layi-layi, ka kuma tambaye su kai tsaye nawa ne zai shiga asusunka a ƙarshen wata. Mai ɗaukar aiki na kirki ba zai ji haushin wannan tambaya ba.

Dubu 280 a Sakkwato kuɗi ne da saurayi zai ci ya sha ya taimaka wa gida har ya yi ajiya. A Legas labarin daban ne, domin ana biyan hayar shekara guda a dunƙule, ga kuɗin dillali da na rubuta yarjejeniya, ga kuɗin mota da awannin da cunkoso ke cinyewa. Za ka iya rayuwa a kai idan kuka haɗu ku biyu ko uku a gida ɗaya kusa da ofis, amma kada ka yi wa iyaye alƙawarin aiko da wani babban abu a shekarar farko. Idan kamfanin yana barin aiki daga gida, ko da bayan watannin gwaji ne, to wannan ya fi ƙarin albashi na dubu hamsin daraja. Sai dai ka san sharaɗinsa: wutar lantarki a unguwanninmu ba abin dogaro ba ce, zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, don haka dole ka tanadi sola da batir mai kyau da layin intanet na kamfani biyu, saboda agogon tikiti ba ya tsayawa don an ɗauke wuta a Mabera.

Akwai wani abu da ke ci wa ma'aikatan irin waɗannan kamfanoni tuwo a ƙwarya. Kwastoma yana biya da dala ko fam, kai kuma ana biyanka da naira. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. A irin wannan yanayi ƙarin albashi na kashi 10 ragi ne a zahiri. Ka tambayi yaushe aka yi wa ma'aikata gyaran albashi na ƙarshe da kuma kashi nawa aka ƙara, kuma gara ka ji amsar daga bakin ma'aikacin da ke ciki. Ƙarin shekara-shekara a wannan sana'a ƙanƙane ne ko'ina. A Indiya an daɗe ana kukan cewa albashin sabon shiga a manyan kamfanonin ya tsaya a wajen rupi dubu 350 a shekara sama da shekara goma. Babban ƙari yakan zo ne idan ka sauya mataki ko ka sauya kamfani.

Yarjejeniyar shekara biyu

Ɗaure ma'aikaci saboda horo ba haramun ba ne a dokar Najeriya, kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana tabbatar da irin wannan yarjejeniya idan ta dace da hankali, don haka kada wani ya ce maka takarda ce kawai. Abin dubawa shi ne nawa za ka biya idan ka fita kafin lokaci, ko kuɗin yana raguwa gwargwadon watannin da ka yi, da kuma abin da zai faru idan su ne suka sallame ka. Idan horon na gaske ne, mai jarrabawa da satifiket da duniya ta sani, shekara biyu ba ta yi yawa ba. Idan kuwa mako biyu ne na koyon dokokin ofis sannan a ɗaure ka da miliyoyi, wannan zalunci ne. Kada kuma ka yarda ka ajiye musu ainihin takardun karatunka a matsayin jingina, ko da me za su ce maka.

Ka kula da tsawon notis ma. Dokar ƙwadago ta tsara mafi ƙarancin notis daga kwana ɗaya zuwa wata ɗaya gwargwadon daɗewar mutum, amma ma'anar ma'aikaci a cikinta ta fitar da masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa, wanda ke nufin abin da ka sa wa hannu shi ne zai fi yi maka hukunci. A manyan kamfanonin Indiya notis na kwana 90 ya zama ruwan dare, kuma yakan sa mutum ya rasa sabon aiki saboda mai ɗauka ba zai jira wata uku ba.

Ci gaba

Yanzu mu koma ga mutum biyun da na ambata. Akwai matasa biyu da suka shigo rukunina tare, dukansu masu ƙoƙari. Ɗaya ya faɗa kwangilar da aikinta shi ne sauya lambar sirri da buɗe asusun da ya kulle, ya ƙware har ya zama ba a son a ɗauke shi daga wurin saboda kwastoma yana yabonsa. Ɗayan ya faɗa kwangilar kwashe bayanan wani kamfani zuwa Azure, wato manyan kwamfutocin Microsoft da ake haya ta intanet, ya sha wahala, ya yi kwanan ofis, amma ya fito ya san yadda ake gina hanyar sadarwa da tsare ta. Da suka fita neman aiki, na farkon shekarunsa uku sun zama kamar wata shida da aka maimaita, na biyun kuma albashinsa ya ninka. Abin takaicin shi ne yabon da ake yi wa na farkon shi ne ya ɗaure shi, domin manaja ba ya son sakin wanda ke sa lissafinsa ya yi kyau.

Saboda haka, idan ka shiga, ka ba teburin taimako shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ka yi shi da gaske, amma tun watan farko ka zaɓi fannin da za ka koma: hanyoyin sadarwa, ko tsaron intanet, ko sarrafa bayanai, ko kula da manhajoji a Azure da takwaransa na Amazon, wato AWS. Manyan kamfanoni sukan biya kuɗin jarrabawa irin su CCNA ta Cisco a fannin hanyoyin sadarwa, da ta Microsoft, da ITIL ta tsarin gudanar da hidimar kwamfuta, saboda yawan masu satifiket yana taimaka musu wajen neman kwangila, kuma kuɗin jarrabawar nan da dala ake biyansa, don haka ka ci moriyar wannan dama iyakar iyawarka. Ka riƙa rubuta abin da ka warware da yadda ka warware shi, domin a ranar tantance ma'aikata manaja ba zai tuna da daren da ka ceto aikin ba sai ka tuna masa. Ka gyara rubutun Turancinka ma. 'Yan'uwanmu na Arewa da yawa da na yi aiki da su sun fi abokansu sanin aikin, amma kunya da kawaici suna hana su magana a taro, sai a ɗaga wanda ya fi su baki. Faɗin aikin da ka yi a gaban manaja ba alfahari ba ne, wani ɓangare ne na aikin.

Dole in ambaci ƙirƙirarriyar basira. Ayyukan da ake maimaitawa, irin su amsa koke mai sauƙi da gwajin manhaja na farko, su ne na'ura ta fi saurin karɓewa, kuma su ne ƙofar da sababbi ke shiga ta ciki. A Yulin 2025 TCS ya sanar da rage ma'aikata kusan dubu 12, mafi yawansu masu matsakaici da babban muƙami, kamfanin kuma ya ce ƙwarewarsu ce ba ta dace da ayyukan da ake nema yanzu ba. Wannan ya nuna maka cewa daɗewa a wuri ba ya kare mutum idan abin da ya iya ya tsufa.

Maganar mahaifinka

Abin da Baba yake hangowa gaskiya ne: aikin gwamnati yana da kwanciyar hankali, kana kusa da iyaye, ba a korar mutum da wasiƙa ɗaya. Sai dai aikin da ake jira bai zo ba tukuna, kuma ilimin kwamfuta yana dusashewa da sauri idan ba a aiki da shi. A ganina ka karɓi wannan aiki, matuƙar kashe-kashen albashin sun fito fili kuma kuɗin fita daga yarjejeniyar yana raguwa da lokaci, ka ɗauke shi a matsayin makaranta ta shekara biyu zuwa uku da ake biyanka a cikinta. Amma kada ka tafi ba da yardarsa ba. Ka zauna da shi ka nuna masa lissafin, ka faɗa masa inda za ka sauka da wanda zai riƙa duba ka a can, in da hali ka tafi da wani babba da yake jin maganarsa. Ka kuma bayyana masa cewa tafiyar ba ta hana ka neman aikin gwamnati idan an buɗe, kuma wanda ya dawo da ƙwarewa ya fi samun gurbi a jami'a ko banki ko ma'aikata, ko ya zauna a gida Sakkwato yana yi wa kamfanin waje aiki.

Ni ban ga takardarka ba, kuma ni ba lauya ba ne, don haka kafin ka sa hannu ka kai ta wurin lauya ya duba maka sashen horo da na notis da na sallama. Ka kuma rubuta wa wanda ya yi maka intabiyu ka tambaye shi wace kwangila za a sa ka, a wace ƙasa kwastoman yake, da kuma bayan wata nawa ake barin ma'aikaci ya nemi sauyin rukuni. Idan ya amsa maka, ka adana amsar a rubuce tare da takardar ɗaukar aikin.